Satar Cikin Jami'a: Ɓarawon Ma Ya Haddace Jadawalinka

(Kiɗan buɗe shiri)

Gaisuwa ta musamman ga ɗaliban da suka kamo mu a ɗakunan kwanansu, na Samaru da Kongo a Zariya, na tsohuwar jami'a da sabuwa a Kano, na Sakkwato da Maiduguri, har da 'yan'uwanmu na Yamai da Maraɗi da Damagaram. Ku kuma iyaye, a daure kada a murɗa akwatin, domin kayan da za mu yi batu a kansu yau da guminku aka saye su.

Batun namu shi ne sata a cikin jami'a, yadda take faruwa da lokacin da ta fi faruwa.

In aka ce ɓarawo, abin da yakan faɗo wa mutum a rai shi ne wani ƙato da ya hauro katanga da tsakar dare, da guntun rodi a hannu yana ɓalle kwaɗo. Akwai irinsa, babu musu. Amma ku samu duk wanda ya yi zaman hostal, ku ce ya lissafa muku abin da ya ɓata a ɗakinsu tun daga shigarsa har fitarsa, sannan ku tambaye shi sau nawa aka fasa ƙofa kafin a ɗauka. Za ku ji bai taka kara ya karya ba. Waya ce a kan katifa, mai ita ya shiga wanka. Laftof ce a kan teburin laburare, mai ita ta fita amsa kira. Jaka ce a bakin ɗakin jarrabawa. Da rana tsaka, cikin mutane, kuma wanda ya ɗauka ko sauri bai yi ba. Wataƙila ma ya tsaya sun gaisa da fota a bakin ƙofa kafin ya wuce.

Ɓarawon jami'a ya san jadawalinka. Ya san ranar da kuke da lakcar ƙarfe takwas, hostal ya yi tsit. Ya san lokacin da famfo ke kawo ruwa kowa ya suri bokiti ya fita, a bar ƙofa a buɗe wai ai yanzu za a dawo. Ya san daren da ake buga wasan gasar zakarun Turai, samari sun cika ɗakin kallo. Ya san makon da ake biyan kuɗin rajista, ya san ranakun da kuɗin lamunin karatu ke faɗowa, naira 20,000 ɗin nan da asusun NELFUND ke turo wa ɗalibai a wata. Ya san duk wannan ne saboda a cikinku yake, ko kuma yana da ɗan hannu a cikinku. Da ɗan gari akan ci gari.

A shekarar 1979 wasu masana halayyar jama'a biyu a Amurka, Lawrence Cohen da Marcus Felson, suka fitar da wani nazari da har yau ake koyar da shi a darasin nazarin laifuka. Abin da suka ce a taƙaice shi ne, kafin laifi irin sata ya auku sai abu uku sun haɗu a wuri ɗaya, lokaci ɗaya: mai son ɗauka, da abin da ya isa a ɗauka, da rashin mai sa ido. Suka ce kuma zirga-zirgar mutane ta yau da kullum ita ce ke haɗa ukun nan. Mai sa idon da suke nufi ba lalle ne ya zama ɗan sanda ko mai gadi ba. Maƙwabci ma mai sa ido ne. A unguwa, in baƙo ya ɗauki keken Malam Wane, mai shayin bakin layi zai ce kai, wa ya aiko ka? To a jami'a wannan ne babu. Aji guda sai ka tarar da mutum ɗari biyar, kowa da jaka a baya, kowa da waya a hannu. Idanu sun yi yawa, amma ba a samu ido ɗaya da ya san wannan baƙar wayar ta wa ce ba. Duk wanda ya rataya jaka ya riƙe littafi ya zama ɗalibi.

Cunkoso ya ƙara dagula lamarin. A 2012 gwamnatin tarayyar Nijeriya ta kafa kwamitin duba buƙatun jami'o'inta, wanda Farfesa Mahmood Yakubu ya jagoranta, kuma cikin abin da ya gano har da cewa gadajen kwanan da ake da su ba su wuce na wajen ɗalibi ɗaya cikin goma ba. Sauran fa? Wasu su kama haya a waje, kamar yadda ɗaliban Bayero suka cika Ɗanbare da Rijiyar Zaki da Ɗorayi, na Ahmadu Bello suka cika Samaru da Hayin Dogo. Wasu kuma su raɓe a ɗakin aboki, abin da ɗalibai ke kira sikwatin. Ɗakin da aka gina don mutum huɗu sai ya ɗauki takwas ko goma. Mai gado ya kawo ɗan garinsu, ɗan garinsu ya kawo abokinsa da ya zo gyaran sakamako, shi ma abokin yana da baƙo da zai kwana biyu. Makulli kuwa ɗaya ne ko biyu. Sai a yi yarjejeniya: a riƙa ajiye shi a saman ƙofa, ko ƙarƙashin bokitin da ke bakin ɗaki. Jama'a, ɗaki nawa ne a layin nan ke ajiye makulli a saman ƙofa? Kusan duka. Wanda ke son shiga ba ya buƙatar rodi, miƙa hannu kawai zai yi. In kuma an kai makullin kasuwa an yanko kwafi shida, to a ƙarshen zango wa ya bi sawun inda shidan suka shiga? Ɗakin da kika samu bana, wata ta zauna a cikinsa bara. In da kwaɗon da kika tarar kike kullewa, ba ki san hannu nawa ke riƙe da makullinsa ba.

Yanzu mu zo wurin da, a ganina, ya fi ko'ina cin wayoyin ɗalibai, wato wurin caji.

Ku sa wannan a ranku. An kwana biyu babu wuta a hostal. Da magariba aka tada janareto a wani babban ɗakin lakca saboda masu karatun dare. Soket uku ne ke aiki a duk ɗakin, biyu a gaba kusa da allo, ɗaya can baya. Wani ya zo da doguwar waya mai baki shida, an jona wata a jikinta, an jona wata a jikin waccan. Kafin sallar isha wayoyi sun kai ashirin a ƙasa, sun hau kan juna, ga fawa bank, ga fitilu masu caji, ga laftof biyu jingine da bango. Masu su sun koma kujerunsu, wasu layi goma daga wurin. Kowa yakan ɗago kai lokaci-lokaci ya hango tarin, ya ga haske na ƙyalli, hankalinsa ya kwanta. Mutane na zuwa suna durƙusawa, wannan ya duba ko tasa ta cika, wancan ya zare cajar wani ya sa tasa. Durƙusawa a wurin nan ba abin zargi ba ne, kowa na yi. To shi ma haka zai zo ya durƙusa. Zai zare waya ya bar cajar a jone, domin daga nesa mai ita igiyar yake hangowa. Wajen ƙarfe biyu na dare barci ya fara fizgar mutane, kai ya kife a kan handawut. Da asuba sai ka ji salati. Kuma abin haushin, in ka tambayi waɗanda ke kusa da soket ɗin, za su ce ƙwarai sun ga wani ya ɗauki waya, amma sun zaci tasa ce.

Akwai wata kalma da ke jawo asara a laburare da azuzuwa: "Don Allah ɗan duba min kayana, yanzu zan dawo." Wa ka bar wa? Wanda ke kusa da kai, wanda ko sunansa ba ka sani ba. Ko da mutumin kirki ne, shi ma karatunsa ya zo yi, kuma in lokacin tafiyarsa ya yi zai tafi. In wani ya zo ya ce masa mai jakar ne ya aiko shi, da me zai musa? Fuskarka ma bai gama riƙewa ba. Laftof ba ta fi nauyin littafi biyu ba. In za ka fita, ko alwala ce, ka ɗauke ta ka bar littafin rubutu ya riƙe maka kujera.

Masallaci kuma sai mu yi maganarsa da kunya, amma dole a yi. Takalmi dai an saba, har ya zama abin raha, shi ya sa wasu ke raba ƙafa ɗaya nan ɗaya can. Wanda ya fi ciwo shi ne jakar da aka ajiye a bayan sahu, da wayar da aka ɗora a kan dakalin alwala, da wadda aka jona a soket ɗin masallaci aka ɗan kishingiɗa bayan azahar. Ɓarawo ya san daga kabbarar harama zuwa sallama ba mai waiwayowa. Jakarka ta zauna a gabanka, tsakaninka da wurin sujada.

Sai lokacin jarrabawa. Doka ta hana shiga da waya, kuma dokar tana kan daidai. Amma me ake yi? Sai a tara jakunkuna a bakin ƙofa ko a gindin bishiya, ɗari biyu, ɗari uku, kusan kowace da waya a ciki, a shiga a zauna awa biyu ko uku. Wanda ya riga fita shi ke zaɓe. Wani ma bai shiga jarrabawar ba sam, ya zo ne kawai ya tsaya cikin masu jira. Nan laifin ya rabu biyu. Ɗalibi ya bar wayarsa a kulle a ɗaki ranar jarrabawa, ba abin da zai same shi in ya yi awa uku babu ita. Sashe kuma, tun da shi ya ce a ajiye jaka a waje, shi ya kamata ya sa mutum ya tsaya a kanta, ko a ba da lamba kamar yadda ake yi a wurin ajiyar babura.

Shanya, bokiti, risho, tukunyar gas, taliya da manja a cikin loka, har tukunyar da aka bari a kan wuta, waɗannan ba sai na tsaya a kansu ba, duk wanda ya yi hostal yana da labarinsu. Fasa ɗaki na gaske kuwa ya fi yawa a lokacin hutu, musamman a gidajen haya na waje inda unguwa kan zama kango in ɗalibai sun watse. Ku tuna yajin aikin malaman jami'a na 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Da yawa sun tafi gida da 'yar jaka ɗaya da zaton mako huɗu ne. Darasin a nan gajere ne: hutun da ba ka san ranar ƙarewarsa ba, kada ka bar abin da za ka yi kukan rashinsa, musamman takardun shaidar karatu.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, ga waɗanda suka kamo mu yanzu, muna magana ne a kan sata a jami'o'inmu.

A da in an sace maka waya, kuɗin waya ka yi asara. Yau wayar ita ce ƙaramar asara. Layinka na haɗe da lambar BVN da aka fara tun 2014, yana haɗe da lambar NIN tun umarnin da aka bayar a ƙarshen 2020, kuma ta kansa banki ke turo maka alat da lambobin sirri na wucin gadi. Da yawa daga masu satar waya yanzu layin suke so. Kulle fuskar wayar da zanen yatsa bai hana a zare sim a sa a wata 'yar ƙaramar waya ba. Saƙonnin banki za su ci gaba da shigowa ta nan. In lambar sirrinka shekarar haihuwarka ce, ga ta nan a katin shaidar da ka soka a bayan kwandon wayar tare da katin ATM. In 1234 ce, ka sauƙaƙa masa aiki. Kafin ka gama zagaya aji kana cewa a kira maka layinka, an kwashe kuɗin rajista, an sayi kati, wani lokaci har bashi an ci da sunanka a manhajojin ba da rance. Daga nan sai a shiga WhatsApp ɗinka a tura wa Hajiya saƙo: "Mama, ina asibiti, a turo kuɗi ta wannan asusun." Uwa kuwa in ta ji asibiti ba ta tsayawa tambaya.

Saboda haka ga abin da nake roƙon kowane ɗalibi ya yi yau, kafin ya kwanta. Ɗauki wayarka ka danna tauraro, alamar tsani, sifili, shida, alamar tsani, wato *#06#. Lamba mai guda 15 za ta fito, ita ake kira IMEI, ita ce shaidar wannan wayar a duk duniya. Rubuta ta a takarda ka ajiye a gida, kada ka ajiye ta a cikin wayar. Da ita 'yan sanda ke bin sawu, da ita kuma za ka tabbatar taka ce in an kama ta a hannun wani. Sannan ka shiga saitin waya ka sa wa sim ɗin kansa lambar sirri, yadda in an zare shi an sa a wata waya ba zai yi aiki ba. Amma a kula: in aka yi kuskure sau uku layin zai kulle, sai da lambar PUK da ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin daga ciki. Nemo katin nan tukuna. Sai kuma ka tambayi bankinka lambar da ake dannawa daga wayar kowa a rufe asusu nan take, ka haddace ta kamar yadda ka haddace lambar rajistarka.

In kuma abin ya riga ya faru, Allah ya kiyaye, to a bi shi da tsari. A fara rufe asusun banki, a kira kamfanin layi a toshe sim, a sanar da gida cewa duk saƙon neman kuɗi da ya zo ba daga gare ka ba ne. Bayan nan ne za a je ofishin tsaro, a je welkom bak, wato a karɓo sabon sim mai tsohuwar lambarka. Yawancinmu mukan juya tsarin, mu ɓata awa biyu muna kiran layin da aka riga aka kashe, muna zazzage jakunkunan abokai.

'Yan ajin ƙarshe, ku matso kusa da rediyo. Laftof ana iya sayen wata, ko da bashi. Furojet ɗin da ka yi wata bakwai kana rubutawa, da bayanan da ka sha rana kana tattarowa a ƙauyuka, ba a sayar da su a kasuwa. Kuma filashin da ka kwafe aikin a ciki, in yana cikin jakar laftof ɗin, tare za su tafi. Duk ranar da ka ƙara shafi, tura wa kanka ta imel. Minti ɗaya ne.

To wa ke satar? A nan ina so mu yi wa kanmu adalci. Da zarar abu ya ɓata, wanda ake fara kallo shi ne almajirin da ke yi wa ɗaki wanke-wanke, ko baba mai shara, ko mai wanki. Su ne ba su da mai tsaya musu, shi ya sa. Ban ce ba a taɓa samun mai hali a cikinsu ba. Amma yaron da bai iya buɗe laftof ba, ba shi ne ya san wadda ta fi tsada a cikin uku da ke ɗakin ba. Akwai korarren ɗalibi da bai faɗa wa gida an kore shi ba, yana nan yana kwana a hostal, ba lakca, ba abin yi, sai lura da shige da ficen mutane. Akwai ɗan gari da ke shigowa da shigar ɗalibai. Akwai kuma ɗalibi na sosai, mai rajista, wanda cacar ƙwallo ta waya ta cinye masa kuɗin makaranta, ko ƙwaya ta kama shi, ko yake son riƙe wayar da ta fi ƙarfin gidansu. Ana yawan cewa talauci ne. Ni dai ban gamsu ba. Tsadar rayuwa gaskiya ce, musamman tun cire tallafin mai a 2023, kuma akwai ɗaliban da ke wuni da gari da ƙuli. Amma mafi yawansu haka suke gama karatunsu ba su taɓa allurar kowa ba. Wanda yunwa ta sa ya ɗebi taliyar maƙwabci daban, wanda ya ɗauke laftof ya kai kasuwa daban.

Kasuwar kuwa mu ne. Babu mai satar abin da ba zai samu mai saye ba. Wani ya tare ka a bayan hostal da wayar da kowa ya san kuɗinta, ya ce ka kawo rabi, ba kwali, ba caja, ba rasit, wai matsuwa ce ta kama shi. Ka san abin da kake saye. Tsohon kundin Penal Code na Arewa, a sashe na 287, ya yanka wa ɓarawo ɗaurin da zai iya kai shekara 5, amma a sashe na 317 ya yanka wa mai karɓar kayan sata da saninsa har shekara 14. Waɗanda suka rubuta dokar sun san inda gizo ke saƙar. Kuma ranar da aka bi sawun IMEI, a hannun wanda wayar take shi za a fara kamawa, wanda ya sayar maka ya daɗe da ɓacewa. In za ka sayi ta hannu, je shago sananne, irin na kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ko makamanciyarta a garinku, a rubuta maka rasit da lambar wayar a jiki, ka san inda za ka koma.

Wani abin da ke ciyar da satar nan gaba shi ne shiru. An sace, sai a ce Allah ya isa, a manna takarda a bakin banɗaki cewa wanda ya ɗauka ya dawo da ita kafin Juma'a ko a ja masa Yasin. Wani lokaci takan yi aiki, a wayi gari a ga wayar a kan taga. Amma ofishin tsaro bai ji ba, shugaban kula da harkokin ɗalibai bai ji ba. In kuma an gane mai halin, sai a ce ɗan garinmu ne, a rufa masa asiri, kada a jawo a kore shi yana ajin ƙarshe. Ya biya, a yafe, ya koma wani bulok ya ci gaba. Rufin asiri hali ne mai kyau, amma wanda aka rufa wa sau uku, na huɗun da zai cuta da hannunku a ciki.

Su ma hukumomin jami'a ba su cika son a ji ba, don kada sunan makaranta ya ɓaci. A Amurka sai da rai ya salwanta kafin a gyara wannan. A 1986 wata ɗaliba mai suna Jeanne Clery tana barci a ɗakinta a Jami'ar Lehigh, wani ɗalibi ɗan'uwanta ya shigo sata ta ƙofofin hostal da aka tokare aka bari a buɗe. Ta farka, ya yi mata fyaɗe ya kashe ta. Iyayenta suka gano an sha aikata manyan laifuka a makarantar ba a sanar da kowa ba, suka tashi tsaye, har a 1990 aka yi dokar da yanzu ke ɗauke da sunanta, wadda ta tilasta wa duk jami'ar da ke cin tallafin gwamnatin tarayya ta riƙa wallafa alƙaluman laifukan da aka yi a cikinta duk shekara. Mu ba sai mun jira doka ba. Me zai hana ofishin tsaro ya riƙa manna takarda duk wata: waya kaza ta ɓata, a wuri kaza, da ƙarfe kaza? Ɗalibin da ya karanta cewa waya goma sun tafi a ɗakin lakca kaza cikin wata guda ba sai an yi masa wa'azi ba. Kuma hukuma ta duba nata kayan, don ita ma ana yi mata: furojekta, batiran sola, wayoyin wuta, kan famfo, da shafukan da ake yagewa daga littattafan laburare. Wanda ya kwance fanka daga silin bai yi shi a minti biyu ba, kuma ta ƙofa ya fita da ita.

Saura magana ɗaya, kuma ita ta fi duk abin da na faɗa nauyi. Ihun "ɓarawo!" a cikin hostal. Kun san yadda yake. Kafin a tambayi me ya ɗauka, mutum ɗari sun fito da bel da sanduna da guga, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba shi ne ya fi kowa duka. A ranar 5 ga Oktoban 2012, a garin Aluu kusa da Jami'ar Fatakwal, aka yi wa ɗalibai huɗu ihun ɓarayi. Aka tuɓe su, aka yi musu dukan kawo wuƙa, aka rataya musu tayoyi aka cinna wuta, mutane na tsaye suna ɗauka a waya. Bayanan da suka fito daga baya sun nuna bashi suka je karɓa. A 2017 kotu ta yanke wa mutum uku hukuncin kisa a kan lamarin, cikinsu har da ɗan sanda. Ko da a ce mutum ya yi satar, an kama shi da wayar a aljihu, babu shari'ar da ta ba ɗan aji biyu ikon yanke masa hukunci, ta addini ko ta ƙasa. Wanda ya ɗaga sanda a kan waya yana iya wayar gari da tuhumar kisan kai. A riƙe shi, a kira jami'an tsaro, a rubuta, a kai shi gaban kwamitin ladabtarwa, in ta kama a miƙa shi ga 'yan sanda. Shugabannin hostal da na ƙungiyoyin ɗalibai, wannan aikinku ne, ku ne za ku shiga tsakani tun kafin taro ya fi ƙarfinku.

Iyaye, in yaro zai koma makaranta, a haɗa masa da kwaɗo mai kyau guda biyu, ɗaya na ƙofa ɗaya na akwati. A ajiye kwalin wayarsa da rasit a gida. In saƙo ya zo da sunansa ana neman kuɗi cikin gaggawa, kada a tura sai an ji muryarsa. In kuma ya dawo hutu da wayar da ba ku saya masa ba, kuka kuma san kuɗin da kuke ba shi bai kai ba, ku zaunar da shi ku tambaye shi inda ya samo ta.

Lokaci ya cim mana. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa a daidai wannan lokaci.

(Kiɗan rufe shiri)